Yadda Ake Sa Sitent A Hanyar Abinci Da Yadda Ake Zama Da Shi

A gidajenmu na Kano ba kasafai ake lura da ranar da dattijo ya fara kasa haɗiye abinci ba, domin abin a hankali yake zuwa. Da farko zai ce tsire ya yi masa tauri, sai a ce haƙora ne. Bayan 'yan makonni ya ajiye tuwo ya koma fate da kunu, a ce zafin gari ne ya hana shi cin abinci. Sai ranar da ruwa ma ya fara dawowa, aka ajiye masa gwangwani a gefen tabarma yana tofar da yawu, sannan hankalin 'ya'ya ya tashi. A irin wannan lokaci ne iyalai da yawa suke fara jin kalmar sitent daga bakin likita, har wasu su ɗauka tiyata za a yi a farka ciki, wasu kuma su ɗauka an samo maganin ciwon ke nan, alhali kuwa duka biyun ba haka ba ne.

Sitent wata 'yar raga ce mai siffar bututu wadda aka saƙa da siririyar waya, kuma aikinta shi ne ta tokare wurin da ya tsuke domin abin da aka haɗiya ya samu wucewa. Yawancin waɗanda ake amfani da su yau da nitinol ake yin su, wato gamin ƙarfen nikel da titaniyam da aka gano a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka a farkon shekarun 1960. Ana iya matse wannan ƙarfe a cusa shi cikin siririn kube wanda kaurinsa bai wuce na biro ba, amma da zarar an zare kuben a cikin jiki sai ya buɗe ya koma siffar da aka ƙera shi a kai. Wanda ake sawa a bututun abinci, wato hanyar da ta taso daga maƙogwaro ta ratsa ƙirji ta shiga tumbi, faɗinsa yakan kai milimita 18 zuwa 23 idan ya gama buɗewa, tsawonsa kuma santimita 8 zuwa 15. Kafin shekarun 1990 bututun roba mai tauri ake turawa da ƙarfi, kuma yakan yaga hanyar fiye da yadda ragar ƙarfe take yi, shi ya sa aka bar shi.

Iri uku ne za ku ji likita yana ambata. Akwai wanda wayarsa take tsirara, wanda yake kama nama ya zauna daram, sai dai tsiro yana iya ratsa ramukan ragar ya sake toshe hanya, kuma idan ya zauna cire shi yana da wuya ƙwarai. Akwai wanda aka lulluɓe gaba ɗaya da siririyar roba, wanda tsiro ba ya ratsa shi kuma ana iya cire shi, amma saboda santsinsa yana iya zamewa ya faɗa cikin tumbi. Na uku an rufe tsakiyarsa an bar bakunansa biyu a buɗe. Babu wanda ya fi wani a kowane hali, dalilin tsukewar ne yake zaɓa.

A fara da sanin dalilin tsukewar

Kada a yarda a sayi sitent kafin a san me ya tsuke hanyar. Binciken farko shi ne endoskofi, abin da mutane suke kira zura kyamara, inda likita yake bi ta baki da siririn bututu mai fitila ya ga wurin da idonsa, ya kuma ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Akwai sashen da yake wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma likitan da ya fara ganin majinyaci zai iya rubuta takardar turawa. Sau da yawa akan ƙara da hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyam domin a ga tsawon tsukewar, da kuma hoton CT idan ana zargin ciwon daji. Jiran sakamakon gwajin nama yana gajiyar da iyali, musamman idan majinyaci yana ramewa a gabansu, amma a kansa duk sauran shawarwari suka dogara.

Idan ciwon daji ne, kuma ya yi nisan da tiyata ba za ta iya fitar da shi ba, a nan sitent ya fi amfani, domin yana dawo da haɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an tsaga jiki ba. Haka nan idan tsiron ya huda tsakanin bututun abinci da hanyar numfashi, wanda alamarsa ita ce tari mai tsanani duk lokacin da aka kurɓi ruwa, sitent mai rufi yana toshe hudar. Wajibi ne a faɗa wa iyali gaskiya a wannan gaɓa: sitent hanya yake buɗewa, ba ya taɓa tsiron, kuma tsiron yana ci gaba da girma a bayansa. Na sha ganin ɗa ya fito daga ɗakin aiki yana murna yana kiran 'yan'uwa a waya cewa an yi wa Baba aiki ya warke, kuma ban ga laifinsa ba, domin ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba. Idan kuwa ciwon bai yi nisa ba, ana sa ran cire shi da tiyata, ko majinyaci yana cikin karɓar maganin gashi da haske, wato ƙona tsiron da hasken na'ura, likitoci sukan guje wa sitent su nemi wata hanyar ciyarwa, saboda yana iya ɓata aikin da za a yi daga baya.

Tsukewar da ba ta daji ba hukuncinta daban ne. Wata takan biyo bayan ƙwannafi na shekaru, wata bayan tiyata ko gashi da haske, amma wadda ta fi ɓata mini rai ita ce ta sodar sabulu. Mata da yawa a unguwanninmu suna haɗa sabulun ruwa a gida domin sana'a, kuma sodar da aka jiƙa fara ce tas kamar ruwa. An taɓa kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, wadda ta ɗauki gorar ruwan sha a gindin randa ta kurɓa, ashe a ciki mahaifiyarta ta zuba sodar. Ƙunar baki ta warke cikin kwanaki, kowa ya yi hamdala, sai bayan kusan wata guda ta fara dawo da koko, domin tabon da ke ciki ya tsuke bututun. Duk wanda irin wannan ya faru a gidansa, kada ya sa yaro amai, kada ya ɗura masa manja ko madara, ya garzaya da shi asibiti tare da gorar da ya sha.

Maganin farko na irin wannan tsukewa shi ne faɗaɗawa, inda ake zura sanduna masu laushi daga siriri zuwa mai kauri, ko a hura balan-balan a wurin, ana maimaitawa lokaci bayan lokaci. A wajen manya, sai an yi zama biyar, mako biyu tsakanin kowane zama, aka kasa kai faɗin milimita 14, ko kuma aka kai amma hanyar ta sake tsukewa kafin mako huɗu, sannan ake cewa ta gagara a fara maganar sitent. Wanda za a sa kuma mai cikakken rufi ne, na ɗan lokaci, a cire shi cikin 'yan makonni, kada ya wuce wata uku. Ko da hakan, fiye da rabin masu irin wannan tsukewa takan dawo musu bayan an cire, shi ya sa likita mai hankali ba ya gaggawar sa shi, kuma wasu a ƙarshe tiyata ce take raba su da matsalar.

Ba a bututun abinci kaɗai ake sa sitent ba. Ana sa shi a mafitar tumbi idan tsiro ya toshe ta, majinyaci yana aman abincin da ya ci jiya, ko da yake a ƙasarmu tabon tsohuwar olsa ma yana jawo irin wannan toshewa, kuma wannan da magani da faɗaɗawa ko tiyata ake bi da ita. Ana sa shi a babban hanji ta dubura idan ciwon daji ya hana bayan gida fita, ko dai domin samun sauƙi, ko domin ciki ya saɓe a yi tiyata a natse bayan kamar mako biyu. Ana kuma sa shi a bututun maɗaciya ta hanyar aikin da ake kira ERCP, wato zura kyamara ta baki har bakin wannan bututu, ga wanda idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, jikinsa yana ƙaiƙayi. Ba kowace shawara ce ta jiƙo ba, wata toshewa ce.

Shiri da ranar aiki

Tambayi likita wane iri za a sa, ko na zama ne ko na ɗan lokaci, wa zai samo shi, kwana nawa zai ɗauka kafin ya iso, da kuma wanda za a nema idan matsala ta taso cikin dare. Daga waje ake shigo da sitent, farashinsa yana bin canjin dala, saboda haka a nemi jimillar kuɗin a rubuce, har da na ɗakin aiki da allurar barci da hotuna da kwanciya, kuma mai inshorar lafiya ya bincika abin da tsarinsa yake biya tun kafin a sa rana. Kada ɗan'uwa ya yi gaban kansa ya sayo a intanet, domin tsawo da faɗi sai an auna.

A kawo duk magungunan da majinyaci yake sha a cikin leda ɗaya a nuna, har da na gargajiya, ba tare da jin kunya ba. Masu tsinka jini irin su wafarin likita ne zai faɗi ranar da za a dakatar da su, mai ciwon suga kuma za a gyara masa awon magani tun da zai wuni bai ci ba. Akan hana abinci na aƙalla awa shida kafin aikin, wanda mafitar tumbinsa ta toshe kuma yakan buƙaci fiye da haka, har a zura masa roba ta hanci a zuƙe abin da ya taru. Idan majinyaci ya bushe sai an yi masa ƙarin ruwa tukuna. A cire haƙoran roba, kuma a zo da babba mai hankali wanda zai saurari bayani ya mayar da shi gida.

Aikin kansa yawanci ba ya kai awa ɗaya. Ana kwantar da majinyaci a gefen hagu, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a sa masa wata roba tsakanin haƙora, sannan a ba shi allurar da za ta sa shi gyangyaɗi ko barci sosai. Likita zai zura kyamara har bakin tsukewar, ya ratsa ta da siririyar waya mai jagora, sannan ya bi kan wayar ya shigar da kuben da sitent yake ciki, yana duba matsayinsa a hoton ekisire ko ta kyamarar. Ana zaɓar tsawon da zai wuce tsukewar da kamar santimita 2 ta sama da ta ƙasa. Idan an daidaita, sai a zare kuben a hankali ragar ta buɗe, amma ba ta gama buɗewa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wannan tokarewa ce take jawo ciwon ƙirjin da mutane da yawa suke ji a kwanakin farko, kuma a nemi maganin ciwo tun kafin a bar asibiti maimakon a ce majinyaci ya daure.

Abinci bayan an dawo gida

A nan ne aikin ya koma hannun matan gida, kuma a ganina rabin nasarar sitent a madafa take. Bututun abinci na asali yana motsi yana tura loma ƙasa, amma wurin da sitent yake ya zama kamar bututun famfo, ba ya matsawa ba ya turawa, abin da ya shiga nauyinsa da ruwan da ya biyo shi ne suke wucewa da shi. Duk abin da ba zai bi ta kafar da ba ta fi kaurin babban yatsa ba, zai tsaya.

Ranar farko ruwa da shayi da romon da aka tace kawai za a ba shi, bayan likita ya ba da izini. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka a shiga koko, da kunun gyaɗa, da madara, da furar da aka dama sosai aka tace ta babu gudaji ko ɗaya. Daga nan a matsa zuwa abinci mai laushi: tuwon shinkafa ko na masara mai ruwa-ruwa, ƙananan loma, a tsoma su sosai a miyar kuka ko kuɓewa, waɗanda yauƙinsu yake taimakawa ƙwarai, da faten dankali, da ƙwai mai laushi, da kifin da aka cire wa ƙaya tsaf, da wake da aka dafa ya narke aka murje. Nama ba haramun ba ne gare shi, amma sai an dafa ya yi lugub an niƙa shi a cikin miya. Majinyacin da ya rame yana buƙatar ƙarfi, don haka a ƙara man shanu ko man gyaɗa ko garin madara a kwanonsa, a kuma raba abincin gida biyar ko shida a wuni maimakon manyan kwanuka biyu.

Abin da za a nisantar da shi kuwa duk abubuwan marmarinmu ne: tsire, kilishi, balangu, ganda, gurasa, burodi, soyayyar gyaɗa, aya, rake, dafaffiyar masara, ɓawon dabino, zaren mangwaro da na lemo, kwaɗon zogale da na rama. Burodi da gurasa suna yaudara saboda laushinsu, amma idan sun jiƙa sukan dunƙule su zama toshi. Dattijon da ya saba da goro zai yi rigima a kansa, kuma dole a lallashe shi, domin tukar goro tana taruwa. Na ga wani wanda ya yi mako uku lafiya lau, ranar sunan jikarsa wani baƙo ya miƙa masa tsinken tsire, ya ji nauyin ya ƙi karɓa, washegari sai da aka koma da kyamara aka zaro naman. Ya dubi likita ya ce, "Likita, yanka ɗaya ne fa." Likita ya ce, "Baba, ai ƙofar ma ɗaya ce." Saboda haka a sanar da masu zuwa dubiya, ko uwargida ta tsaya a kan kwanon da kanta.

Ya ci abinci a zaune, bayansa a miƙe, ya tauna sosai, yana kurɓar ruwa tsakanin loma da loma, idan ya gama kuma ya bi da ruwan ɗumi ko ɗan lemon kwalba mai gas domin a wanke ragar. Manyan ƙwayoyin magani suna iya maƙalewa, amma kada a daka su sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magani, domin wasu ba a dakawa, sai dai a canza su da na ruwa.

Idan sitent ya ratsa ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi, ƙofar ta zauna a buɗe ke nan, ruwan tsamin ciki yana iya tasowa har ya shiga huhu cikin barci. Irin wannan majinyaci ana ba shi maganin rage tsamin ciki irin su omefrazol, kada ya kwanta sai bayan awa biyu zuwa uku da cin abinci, kuma a ɗaga kan gadonsa da bulo ko a jingina katifarsa yadda ƙirji zai fi ciki tudu, domin tara matasai a ƙarƙashin kai kaɗai wuya yake lanƙwasawa. Ruku'u da sujada da cikakken ciki su ma suna dawo da abinci, don haka ya fi sauƙi ya yi sallar magariba da isha'i kafin ya ci, ko ya bar tazara mai kyau, kuma idan abin ya ci tura ya tambayi malami game da yin salla a zaune. Maganar azumi a kai ta gaban likita kafin watan ya kama, musamman saboda al'adar komawa barci bayan sahur.

Lokacin da za a koma asibiti

Idan abinci ya tsaya, ya daina ci, ya miƙe ya ɗan zagaya, yana kurɓar ruwan ɗumi ko lemo mai gas kaɗan-kaɗan. Kada a ce ya haɗiyi babbar lomar tuwo ta tura, kamar yadda ake yi wa ƙayar kifi, kuma kada a zura yatsa. Idan 'yan awanni sun wuce bai faɗa ba, ko yawu ma ya daina wucewa, a tafi asibiti. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ciwon ƙirji ko na ciki da yake ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, wahalar numfashi, da tari duk lokacin shan ruwa, babu ɗayansu da ake kwana da shi a gida. Idan haɗiya ta sake yin wuya a hankali bayan makonni ko watanni, mai yiwuwa sitent ɗin ya zame ko tsiro ya rufe bakinsa, kuma sau da yawa ana iya gyara shi ko a sa wani a cikinsa.

Mai sitent a babban hanji ya kiyaye kada bayan gida ya yi tauri, ya sha ruwa sosai da maganin laushi da aka rubuta masa, kuma ya zo nan take idan ciki ya kumbura ya yi ciwo. Mai shi a bututun maɗaciya kuwa, zazzaɓi da rawar sanyi da dawowar rawayar ido alama ce ta toshewa da shigar ƙwayoyin cuta, kada a tsaya shan maganin maleriya. Na roba da ake sawa a wannan wuri yakan toshe, shi ya sa ake canza shi bayan kamar wata uku, kuma mutane sukan manta da shi da zarar ido ya washe.

Kafin a bar asibiti, a roƙi a rubuta a katin majinyaci irin sitent ɗin da aka sa, da tsawonsa, da wurin da yake, da ranar da aka sa shi, da ranar da za a cire ko a canza idan na ɗan lokaci ne. A ɗauki hoton katin a wayar mutum biyu daga cikin 'ya'ya, a kuma nuna shi a duk asibitin da aka je daga baya, musamman idan za a yi hoton MRI ko za a zura masa roba ta hanci.